Ƙarin Soket a Tsohon Gida: Yadda Ake Haɗa Shi da RCD

Gidan Bahaushe ba ya gama ginuwa. Gidan da aka ja wa wuta a Birnin Kudu ko Gwaram tun Jigawa tana cikin tsohuwar Jihar Kano, kafin 1991, yau ya ninka kansa. Yaro ya isa aure an yanka masa ɗaki, an fasa gefen zaure an fitar da shago, uwargida ta sayi firiza tana ƙanƙara da zoɓo, an haƙa burtsatse an sa injin jan ruwa. Wayarin kuwa yana nan yadda mai wayarin na zamanin NEPA ya bar shi, an yi shi ne don ƙwan fitila uku ko huɗu, fanka, da soket ɗaya na rediyo da dutsen guga. Duk lokacin da sabon abu ya shigo gida sai a kira mai gyaran wuta a nuna masa soket mafi kusa a ce, "Malam, ja mini daga nan."

Abin lura shi ne inda sabon soket ɗin yake zuwa. Tsoffin suna cikin ɗakuna, a busasshen wuri, bisa leda ko darduma. Sababbin kuwa madafi suke nufa, da tsakar gida, da bakin banɗaki, da gindin tankin ruwa, da shagon da jama'a ke shiga da fita. Wato wuraren da ake tsayawa ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti. Saboda haka soket ɗin da aka ƙara ya fi waɗanda ya tarar haɗari, ko da wayarsa sabuwa ce fil. Shi ya sa nake ganin bai kamata a ja shi ba sai tare da RCD, na'urar da ke katse wuta da zarar ta fara yoyo. A shagunan kayan wuta za ka ji ana ce mata ELCB, a jikinta kuma za ka ga an rubuta RCCB ko RCBO.

Aikin na ƙwararren mai wayarin ne. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu wannan sana'a shaidar ƙwarewa a Nijeriya, kuma ba laifi maigida ya nemi ganin takardar. Amma maigidan da ya san abin da ake yi masa ba a yi masa aikin gangar auzinawa, don haka bayanin nan na su biyun ne.

Abin da fis da bireka ba sa gani

Fis da bireka waya suke tsaro. Idan lodi ya fi ƙarfinta, ko laif ya haɗu da nutural, sai su katse kafin roba ta narke gobara ta tashi. Fis ɗin soket na tsohon gida yakan zama na amfiya 30, bireka kuma na 20 ko 32. Jikin mutum ba ya buƙatar ko kusa da haka. Ana auna abin da ke ratsa jiki da miliamfiya, kashi ɗaya cikin dubu na amfiya. Da miliamfiya 1 mutum zai ji tsam. Wajen 10 hannu yakan ƙanƙame abin da ya riƙe ya kasa saki. Daga 30 zuwa sama, idan abin ya ɗan jima, numfashi da bugun zuciya suna shiga matsala. Mutumin da hannunsa da ƙafarsa ke jiƙe, a wutarmu mai bolt 230, abin da zai ratsa shi yana iya kaiwa miliamfiya 200 ko fiye. Wannan ya isa kisa, amma a wurin bireka mai amfiya 32 bai kai lodin fanka ɗaya ba. Ba zai ko motsa ba.

RCD ƙirga take yi, kamar makiyayin da ke ƙirga awaki da safe a bakin garke ya sake ƙirgawa da yamma. Laif da nutural duka suna ratsawa ta cikin wani zobe a cikinta. Muddin abin da ya fita ta laif shi ne ya dawo ta nutural, ba ruwanta. Idan wani abu ya ɓace a hanya, ko ta jikin firiza, ko ta jiƙaƙƙen bango, ko ta jikin yaro, sai ta faɗi. Wadda aka yi don kare rai ita ce mai 30mA a rubuce. Ƙa'idarta ta katse cikin kashi uku cikin goma na sakan idan yoyon ya kai miliamfiya 30, idan kuwa ya kai 150 ta katse cikin kashi huɗu cikin ɗari na sakan. Mutum zai ji duka, amma da yardar Allah zai tashi.

Akwai masu 100mA da 300mA a kasuwa, kuma wasu masu wayarin sun fi son su saboda ba su cika faɗuwa ba. Waɗannan na rigakafin gobara ne, ba sa tsare rai. Wanda ya sa maka mai 300mA a soket ɗin bakin banɗaki ya sayar maka da kwanciyar hankali ne kawai.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun shekarun 1950 wani injiniya mai suna Henri Rubin ya ƙera irinta saboda ma'aikatan ma'adinan zinare na Afirka ta Kudu. A Ingila, wadda daga gare ta muka gaji filogi mai ƙafa uku na amfiya 13 da yawancin tsarin wayarinmu, littafin ƙa'idar BS 7671 ya wajabta ta a soket na gidaje tun bugun 2008, bugun 2018 kuma ya faɗaɗa wajabcin zuwa soket har mai amfiya 32. A can duk wanda ya ƙara soket a tsohon layi, sabon aikin sai ya cika ƙa'idar yau, ko da sauran gidan na jiya ne. Wannan hankalin ya kamata mu ara.

A fara da tsohon layin

Kafin a sayi komai, a kashe wuta a buɗe soket ɗin da ake son ja daga gare shi. Kashe wuta a gidajen yanzu ba abu ɗaya ba ne: a sauke babban makunni, a kashe janareta a zare wayarsa, a kashe inbata idan akwai sola. Kada a dogara da cewa an ɗauke wuta, don ba ta sallama idan za ta dawo. Sannan a gwada da mita mai tsinke biyu, laif da nutural, laif da ƙasa, nutural da ƙasa. Testa mai kama da sukundireba tana ƙarya, musamman da rana tsaka a tsakar gida inda ba a ganin haskenta. Mitar kamfanin wuta na KEDCO da katawut ɗin da ke gabanta ba na maigida ba ne, ba kuma na mai wayarin ba, a bar su yadda suke.

Abu na farko da za a duba kaurin waya. Soket yana son waya mai milimita 2.5. Sau da yawa za a tarar wanda ake kira soket ɗin daga layin fitila aka saci wutarsa da waya mai 1.5 ko 1. Irin wannan ba a ja daga gare shi, sai a koma akwatin rabon wuta a ɗauko sabon layi. Na biyu, lafiyar robar wayar. Idan ta bushe tana farfashewa, ko ta yi baƙi a bakin noti, ko ɓera ya ci ta a cikin silin, ko gara ta gina gida a cikin akwatin soket, to RCD ba za ta zauna a kan wannan layin ba, kuma gaskiya take da ita. Na uku, akwai wayar ƙasa ko babu? Gidaje da yawa waya biyu kawai aka ja musu, ramin sama na soket ɗin fanko ne. Wasu kuma wayar tana nan, kore shar, amma idan ka bi ta sai ka ga ba ta je ko'ina ba.

Kada launi ya ruɗe ka. Tsohon tsari ja ne laif, baƙi nutural, kore ƙasa. Sabon tsari ruwan ƙasa ne laif, shuɗi nutural, kore da ɗorawa ƙasa. A gidan da hannu biyar suka yi wa aiki cikin shekara talatin za ka iya samun baƙar waya ɗauke da wuta. Mita ce ke faɗin gaskiya.

Gwajin da ya fi kowanne amfani shi ne na mega, na'urar da ke tura bolt 500 cikin waya don ta ga ko roba tana riƙewa. A zare duk kayan wuta, a cire ƙwayayen fitila, a gwada laif da nutural zuwa ƙasa. Ƙa'ida ita ce kada ya gaza megom 1. Masu wayarin da yawa a ƙananan garuruwa ba su da ita, amma ana samun aro ko haya, kuma awa ɗayan da za a ɓata a nan ya fi mako guda ana kiran waya ana cewa abin ya sake faɗuwa. Layin da ya ci jarrabawa a watan Maris yana iya faɗuwa a Agusta, lokacin da ginin ƙasa ya sha ruwa danshi ya hau bango. Idan da rani ake aikin, sakamakon da ya tsaya a bakin iyaka a ɗauke shi a matsayin faɗuwa.

Ina za a ɗaura ta?

Abin da aka fi yi shi ne a sa RCD ɗaya a bakin akwatin rabon wuta ta riƙe gidan duka. Ya fi arha, kuma a sabon gida yana tafiya. A tsohon gida ban cika ba da shawararsa ba. Kowane layi yana da ɗan yoyonsa, kowace firiza da caja da talabijin suna da nasu, kuma RCD mai 30mA an yarda ta faɗi tun daga 15. Idan aka tara yoyon gida guda a kanta sai ta riƙa faɗuwa ba dare ba rana, fitilar katanga ta sha ruwan sama gida duka ya yi duhu, ƙanƙarar uwargida ta narke. Ba a mako biyu maigida zai ce, "Malam, zo ka cire mini wannan abin naka." Sai a yi mata dairek, ta zauna a bango tana ado. Na fi jin tsoron wannan gidan a kan wanda bai taɓa sa ta ba, don mutanensa sun saki jiki.

Idan akwatin na zamani ne mai bireka, hanya mafi tsafta a cire birekan layin da za a ƙara wa soket a sa RCBO a gurbinsa. Ita bireka ce da RCD a jiki ɗaya, tana tsaron layinta kaɗai, tsoffin soket da sababbi. Sai dai a tabbatar ta dace da akwatin, don ba kowane kamfani ne kayansa ke zama a akwatin wani ba.

Idan akwatin tsoho ne mai fis na tangaran, wanda ake ɗaura wa silin waya idan ya ƙone, ko kuwa tsohon layin bai ci gwajin mega ba, to a ƙyale shi. A kafa ƙaramin akwati na dabam kusa da shi, a sa RCCB mai ƙafa biyu, 40A ko 63A, 30mA, a bayanta kuma bireka ɗaya ko biyu na amfiya 20, daga nan a ja sabon layi zuwa shago ko madafi. Ga yawancin tsoffin gidajen cikin garin Birnin Kudu, ko na Sara da Basirka, wannan nake zaɓa. Sabon aiki ya tsaya da ƙafarsa, tsohon kuma a riƙa kwaso shi layi-layi zuwa sabon akwatin yadda aljihu ya ba da dama. A tuna cewa 40A ko 63A da ke jikin RCCB iyakar abin da za ta iya ɗauka ne, ba ta faɗuwa don lodi ya yi yawa. Dole a haɗa ta da bireka.

Akwai kuma soket mai RCD a jikinsa, da ƙaramar da ake soka wa a soket kafin filogi. Suna da amfani ga ɗan haya, ko ga soket ɗaya tak na injin wanki, amma ba sa tsaron wayar da ta kawo musu wuta.

Dalilin da ya sa na ce RCCB mai ƙafa biyu: a unguwanninmu ana yanke wuta a kan fal a mayar, iska ta tsinka waya a ɗaura, kuma ba kullum ake mayar da laif inda yake ba. Ranar da aka juya laif da nutural, bireka mai ƙafa ɗaya nutural yake katsewa ya bar wuta a soket. Mai ƙafa biyu tana yanke duka.

Wajen saye, a nemi wadda aka rubuta IEC 61008 ko IEC 61009 a jikinta, nau'in A, wanda ke da alamar igiyar ruwa da wasu ƙananan tuddai a ƙarƙashinta. Nau'in AC tsohon yayi ne, kayan zamani masu lantarkin ciki kamar caja da firji mai inbata suna iya dakushe shi. Inda wuta ke yawan zuwa ba ƙarfi, RCCB wadda ba ta dogara da ƙarfin wutar layi ba ta fi wasu ƙananan RCBO masu lantarki a ciki, don waɗannan suna buƙatar wuta kafin su yi aiki. Schneider, ABB, Hager, Legrand da Chint duk ana samun su a Sabon Gari a Kano, jabunsu ma ana samu a shago na gaba. Wadda farashinta bai fi na bireka ba, a ajiye ta.

Nutural, inda aikin ke lalacewa

Mafi yawan RCD da aka cire don "ba ta da kyau" lafiyarta lau, nutural ne aka cakuɗa. Tunda ƙirga take yi, dole duk wutar da ta fita ta laif ɗinta ta dawo ta nutural ɗinta. Tsoffin masu wayarin kuwa nutural a wurinsu ɗaya ne, duk inda suka ga baƙar waya a cikin silin sai su ɗaura. Fitilar zaure laif ɗinta daga layin fitila, nutural ɗinta daga soket ɗin ɗakin maigida. Da fis ba wanda zai sani. Da RCD, ana kunna fitilar za ta faɗi.

Don haka nutural na layin da ke bayan RCD yana da sandarsa ta dabam a cikin akwati, ba ya taɓa babbar sandar nutural ta gidan. Kafin a ɗaura, a kwance laif da nutural na layin daga akwati, a auna tsakanin wannan nutural da sauran. Idan mita ta nuna suna haɗe, akwai aro a wani wuri, sai an bi an raba. Alamar wannan ciwo a bayyane take: RCD tana zama lafiya idan ba a kunna komai ba, ana sa lodi ta faɗi, wani lokaci ma lodin a wani ɗaki yake da ba ruwansa da ita.

Akwai wata muguwar dabara da za a iya tararwa a bayan soket: ɗan guntun waya daga nutural zuwa notin ƙasa, wai don a kashe shokin ɗin jikin firiza. A cire shi duk inda aka gan shi. Yana kayar da RCD, wannan ƙaramin laifinsa ke nan. Babban shi ne ranar da nutural ya tsinke a waje, ko aka juya wayoyi a kan fal, jikin firizar da na injin wanki za su ɗauki bolt 230 cif.

Sandar ƙasa

RCD tana aiki ko babu wayar ƙasa, amma sai wuta ta ratsa jikin mutum tukuna. Idan akwai wayar ƙasa mai kyau, da zarar laif ya taɓa ƙarfen firiza za ta faɗi tun kafin kowa ya kai hannu. Saboda haka sabon layi waya uku ne, kuma ta ukun sai ta isa sanda a cikin ƙasa.

A nan ƙasarmu tana da nata hali. Birnin Kudu garin duwatsu ne, wanda ya ga Dutsen Habude da Dutsen Mesa ya san abin da ke ƙarƙashin wasu unguwanni. Sanda takan tafi ƙafa biyu ta ci karo da fa, sai yaron oga ya yanke sauran ya rufe rami. Wannan ba sanda ba ce. A canja wuri, ko a kafa biyu ko uku da tazarar da ta kai tsawon sandar a haɗa su da waya, ko a haƙa dogon rami a kwantar da tagulla. A garuruwan bakin kogi na Gwaram ƙasa ta fi laushi da danshi, amma ko can saman ƙasa yana bushewa ƙayau da bazara. A zaɓi inda ruwa ke zuba kullum, kamar kusa da wurin alwala ko magudanar tanki. Gawayi da gishiri da ake zubawa a rami suna taimakawa da farko, sai dai gishirin yana cin sandar, musamman ta ƙarfe da aka shafa wa tagulla sama-sama, kuma ruwan damina yana wanke shi. A bar kan sandar a cikin ɗan akwatin siminti mai murfi don a riƙa ganin maɗaurin, kada a binne shi.

A lissafi, RCD mai 30mA za ta faɗi ko da sandar ta kai om 1,667. Amma littafin ƙa'ida ya ce abin da ya haura om 200 ba abin dogaro ba ne, don yana canjawa da yanayi. A auna da rani, lokacin da ya fi muni.

Janareta da inbata

Gidaje da yawa yanzu ba sa rayuwa da wutar KEDCO kaɗai. RCD tana zama ne bayan canjoba, makunnin da ke sauya wuta tsakanin KEDCO da janareta, ta ɓangaren gida, don ta yi tsaro ko wace wuta ake sha. Wadda aka sa tsakanin mita da canjoba barci take duk lokacin da janareta ke aiki. Canjobar kuma ta zama mai sauya laif da nutural duka.

Sai wani abu da ba kowa ya sani ba. Wutar taransfoma an haɗa nutural ɗinta da ƙasa tun daga can, shi ya sa yoyo yake samun hanyar komawa, RCD ta gan shi. Ƙananan janareta da yawa ba su da wannan haɗin, shi ya sa testa take kamawa a wayoyinsu biyu. A irin wannan hali laif zai iya taɓa jikin firiza RCD ba ta faɗi ba, laifin ya zauna a ɓoye har ranar da na biyu ya same shi. Maganin shi ne a haɗa nutural da ƙasa a ɓangaren janareta, kafin RCD, a wuri ɗaya tak, a kuma haɗa ƙarfen janaretan da sandar gidan. Amma sai an auna tukuna, don akwai janaretan da an riga an haɗa tsakiyar koyil ɗinsa da ƙarfensa, wanda idan aka ƙara masa wannan haɗi zai ƙone. Inbata ma haka: wasu suna yin haɗin da kansu idan suka koma batir, wasu ba sa yi, littafin da ya zo da ita ne zai faɗa. Wannan ba aikin yaron shago ba ne, oga ya zo da kansa.

Jan layin

Waya mai 2.5 ta tagalla zalla, a cikin fayif ko tirankin, a kan bireka mai amfiya 20. A cikin fayif tana ɗaukar wajen amfiya 24 idan zafin wurin digiri 30 ne. A digiri 40 sai a rage zuwa kashi 87 cikin ɗari, wato wajen 21, kuma cikin silin ƙarƙashin kwano a watan Afrilu ya wuce haka. Wanda ya sa mata bireka mai 32 don kada ya riƙa faɗuwa ya mayar da wayar ita ce fis. Idan tafiyar da nisa, kamar daga zaure zuwa tankin da ke ƙarshen gida, a yi lissafi: mita 30 na waya mai 2.5 da lodin amfiya 13 yana zubar da bolt 7, mai 4 kuwa bolt 4 da ɗoriya. Inda wuta ke zuwa a gajiye tun asali, mai 4 ta fi wa injin ruwa. A kankare bakin wayar a gani, idan cikinta fari ne alminiyon ne aka yi wa wankan tagulla. Wayar gida irin ta Coleman, Cutix ko Nigerchin mai tambarin hukumar SON ta fi yawancin na waje masu arha.

Kada a murɗa waya a naɗe da salatif a tura cikin bango, kowane haɗi a yi shi a cikin akwati da noti. Soket na tsakar gida ya zama mai murfi da roba, a ɗaga shi sama da inda feshin ruwa da hannun yaro ke kaiwa, fayif ya shigo masa ta ƙasa don kada ruwan sama ya bi waya ya shiga. Cikin banɗaki ba a sa soket. Hitar da ake tsomawa a bokiti da hunturu, wadda takan ja mutane, a yi mata soket a waje, a bayan RCD, kuma a zare ta kafin a sa hannu a ji ko ruwa ya yi zafi.

A jikin RCD a bi rubutun: inda aka sa N nutural ne, kuma idan an nuna wajen shiga da wajen fita kada a juya. A ɗaure noti tamau, a ja kowace waya a ji, a sake ɗaurewa.

Gwaji, da ranar da ta faɗi

Bayan an mayar da wuta a danna maɓallin da aka rubuta T. Ta faɗi nan take. Amma wannan maɓalli cikinta kawai yake gwadawa, bai san ko akwai sanda ba, bai san halin janareta ba. Gwaji na gaskiya a soket na ƙarshe ake yinsa, da na'urar gwajin RCD mai nuna lokacin katsewa, ko aƙalla ƙaramar testar soket mai fitilu uku da maɓalli, bayan an zare kayan wuta. A yi shi da wutar KEDCO, a sake da janareta, a sake da inbata. Maigida ya tsaya ya gani da idonsa kafin ya biya cikon kuɗi. Daga nan a riƙa danna T duk wata shida, kura ta hunturu da tururuwa suna iya sa ta ƙage. Farkon damina da farkon sanyi lokuta ne masu sauƙin tunawa. Wadda aka danna ba ta faɗi ba, ba a gyara ta, sabuwa ake sawa.

Ranar da ta faɗi da kanta, kada a yi ta ɗaga ta da ƙarfi. A zare duk filogin da ke layin, zarewa ba kashe makunni ba, don makunnin soket da yawa laif kawai yake yankewa ya bar nutural. A ɗaga ta, a riƙa mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya har a kama mai laifin. Yawanci hita ce, ko dutsen guga mai tsohuwar igiya, ko firizar da aka saya ta hannu, ko injin ruwa, ko ekstenshan da aka bari a tsakar gida ya kwana cikin raɓa. Idan an zare komai ta ƙi zama, laifin a cikin waya yake, a kira mai wayarin ya zo da mega.

A gaya wa mutanen gida abin da ba ta iyawa. Yaron da ya soka ƙusa a ramukan laif da nutural duka, a wurinta lodi ne kamar kowane lodi. Ba ta hana wuta mai ƙarfi da ke ƙona talabijin da firji idan nutural ya tsinke a taransfoma, wannan aikin wata na'ura ce ta dabam mai lura da hawa da saukar bolt, ana iya sa ta a akwati ɗaya. Ba ta tare tsawa. Kuma duk soket ɗin da ba ya bayanta yana nan yadda yake jiya, don haka a rubuta a murfin akwati waɗanne ɗakuna take tsaro, da ranar da aka sa ta, da sakamakon awon sanda. Wanda wuta ta ja har ya faɗi ko ya suma, ko da ya miƙe ya ce ba komai, a kai shi asibiti a duba zuciyarsa, Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ko asibiti mafi kusa, a bar layin a kashe har sai an gano ta inda wutar ta fita.